Littafi na Biyu: Faɗi-Tashin Sabon Marubuci a Katsina Daga Gasar 1933 Zuwa Zamanin Wayar Hannu

Tsakure

Wannan takarda ta bi sawun marubutan ƙagaggun labarai da suka fara riƙe alƙalami a Katsina da kewayenta, tun daga gasar da Hukumar Talifi ta shirya a 1933 har zuwa yau da ake rubuta littafi da babban yatsa a kan waya. Manufarta ita ce gano inda sabon marubuci ke tashi da inda yake faɗuwa. Abin da takardar ke ƙoƙarin tabbatarwa shi ne cewa Katsina ba ta taɓa rasa mai rubuta littafin farko ba. A littafi na biyu ake yin asarar marubuta, kuma abin da ke raba wanda ya ɗore da wanda ya yi shiru shi ne samun wanda zai karanta rubutun da idon gyara kafin ya isa hannun jama'a.

Gabatarwa



Idan aka tambayi matashin da ya fara rubutu a birnin Katsina abin da ke damunsa, amsar ba ta wuce uku: babu kuɗin bugu, babu masu saye, gwamnati ba ta kula. Duk gaskiya ne, ba zan musa ba. Sai dai waɗannan koke-koke ba su bayyana mana dalilin da ya sa wasu da suka sami kuɗi da suna da kyauta a littafinsu na farko suka ajiye alƙalami ba, alhali wasu da ba su fi su baiwa ba suka ci gaba. Domin neman wannan dalili na zaɓi in duba zamani huɗu, kuma zan fi daɗewa a kan na farko, saboda a nan ne shaidar ta fi fitowa sarai.

Rubutu ba baƙo ba ne a garin nan. Hasumiyar Gobarau tana tsaye, ana kuma tunawa da Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani na ƙarni na 17, da Muhammad al-Katsinawi wanda ya yi rubutu a kan lissafi ya rasu a Alƙahira a 1741. Amma wancan rubutun malanta ne, yana da zaure da almajirai da masu kwafa. Ƙagaggen labari na boko ya zo ne ba shi da zaure, kuma wannan maraicin nasa shi ne batunmu.

Gasar 1933: mutum biyar, hanya ɗaya ta ɓulle

A 1933 Dokta Rupert East, shugaban Hukumar Talifi da ke Zariya, ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta labarai na ƙirƙira da Hausar boko. Shi da kansa ya bayyana daga baya, a wata maƙala da ya buga a 1936, irin wahalar da ya sha kafin ya shawo kansu, domin a wurin malamin wancan lokaci rubutu abu ne na addini da ilimi, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi da John Tafida ya rubuta tare da East.

Aƙalla uku daga cikin biyar ɗin suna da igiya a Katsina. Bello Kagara malamin Larabci ne a Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, ginin da yau ya zama gidan tarihi. Ƙanensa Abubakar Imam ya gama kwalejin a 1932 ya kama koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, yana ɗan shekara 22 ya rubuta Ruwan Bagaja. Tafawa Ɓalewa ma ɗalibin kwalejin ne. Wato dai a ajujuwan Katsina aka yi renon fiye da rabin ƙagaggen labarin Hausa na farko.

To ina suka nufa bayan nan? Tafawa Ɓalewa ya koma Bauci ya yi malanta, siyasa ta ɗauke shi har ya zama Firayim Minista, bai sake rubuta ƙagaggen labari ba. Bello Kagara ya yi alƙalanci, ya zama Walin Katsina, ya rubuta tarihin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, amma mai karatun da Ganɗoki ya burge da yaƙe-yaƙensa da Nasara bai sami ɗan'uwansa ba. A fagen ƙirƙira, sunan Muhammadu Gwarzo ya tsaya a Idon Matambayi. Imam kaɗai ya zarce.

An saba cewa ai Imam ya fi su hikima. Ina da ja a kan wannan. Duk wanda ya karanta Shaihu Umar ya san cewa ta fuskar ginin labari da natsuwar zance ba ya bayan Ruwan Bagaja, wasu ma za su ce ya fi shi ɗaurewa. Ruwan Bagaja kuwa, kamar yadda manazarta irin su Farfesa Ibrahim Malumfashi suka nuna, cike yake da aro: ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe tana da kama da salon Maƙamatul Hariri, neman ruwan magani kuma tsohon jigo ne a tatsuniyoyin ƙasashe da yawa. East ya ga wannan aro, ya kuma gaya wa Imam a wasiƙa, ya datse abin da ya datse. Ga saurayi mai shekara 22 da yake ganin ya yi abin kirki, wannan faɗuwa ce. Amma faɗuwa ce a hannun wanda ke son ya tashe shi. East bai tsaya a suka ba. A 1936 ya nemi a ba shi aron Imam daga Katsina, ya zaunar da shi a Zariya kimanin wata shida, ya tara masa littattafan labarai na Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya ce ya karanta ya sake gina su da tubalin Hausa. Abin da ya zama aibi a littafin farko shi aka horar ya zama gwaninta a na biyu. Daga nan Magana Jari Ce ya fito cikin juzu'i uku, sannan a 1939 Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Ba ina wanke East ba ne. Ma'aikacin mulkin mallaka ne, littattafan karatun makaranta yake nema, kuma akwai hujjar cewa ya karkata alƙalamin Imam zuwa ga sarrafa labaran wasu maimakon ƙirƙirar nasa. Aikin jarida ma ya cinye shi, har ba a sake samun wani dogon ƙagaggen labari daga gare shi ba. Duk da haka, abu uku da Imam ya samu sauran ba su samu ba a fili suke: mai karanta masa rubutu ya faɗa masa gaskiya, lokacin da aka keɓe masa ba tare da tunanin abinci ba, da tabbacin cewa in ya gama za a buga. Kuma duk ukun daga wajen Katsina suka zo masa.

1980 zuwa 1983: tashin da bai daɗe ba

Zan tsallake zamanin Kamfanin Gaskiya na 1945 da hukumar NORLA ta shekarun 1950, ko da yake a tsakanin nan ne Ahmadu Ingawa ya fitar da Iliya Ɗan Maiƙarfi. Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da ya faru bayan kusan shekara hamsin da gasar farko, domin kamar an maimaita ta ne.

Kamfanin NNPC na Zariya, wanda aka kafa a 1966, ya shirya gasa a ƙarshen shekarun 1970, ya buga littattafai uku a 1980: Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. Ba a jima ba Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya yi tasa gasar, littattafanta suka fito a 1982. A cikinsu akwai Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, da Zaɓi Naka na Munir Muhammad Katsina. A daidai wannan lokaci Umaru Ɗanjuma Katsina ya riga ya fitar da wasan kwaikwayonsa Kulɓa Na Ɓarna. Katsinawa sun sake cika fage.

Waɗannan ba littattafan aljanu da sarakuna ba ne. Turmin Danya ya shiga harkar fasa-ƙwauri da cin hanci, abin da duk mazaunin garin da ke kusa da iyakar Jibiya ya san ba labarin nesa ba ne. Ƙarshen Alewa Ƙasa ya ɗauko Mailoma da rundunarsa ta 'yan ta'adda a bayan yaƙin basasa, ya nuna abin da ke faruwa idan makami ya rage a hannun wanda ba shi da abin yi. Wanda ya sake karanta shi yau, yana jin labaran da ke fitowa daga dazuzzukan yammacin jihar nan, sai jikinsa ya yi sanyi.

Sulaiman Ibrahim Katsina ya ƙara da Tura Ta Kai Bango a 1983, littafi uku ke nan cikin shekara huɗu. Shi ne ya karya ƙa'idar littafi na biyu a zamaninsa, kuma ba a rasa dalili ba: kamfanin da ya buga masa na farko yana nan da editocinsa lokacin da ya kawo na gaba. Daga baya aikin jarida a Sashen Hausa na BBC ya ɗauke shi, kamar yadda Gaskiya ta ɗauke Imam. Sauran kuwa, a bakin yawancin makaranta, kowa sunansa ya tsaya a kan littafin gasar nan guda. Gasar gwamnati ba ta da gobe. An raba kyauta, an buga, an watse. Sannan tattalin arziki ya karye, shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku suka durƙushe daga baya, kamfanonin ɗab'i suka koma ga littattafan makaranta da ke da tabbacin ciniki. Wanda ya zo da sabon labari a 1988 ya tarar ƙofar a rufe.

Zamanin kasuwa

Matasa ba su jira an buɗe ba. Suka koma buga wa kansu, Kano ta zama cibiya, littattafai irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino suka nuna cewa akwai dubban makaranta, musamman matan aure da 'yan mata, da kamfanoni ba su san da su ba.

Yana da kyau mu dubi yadda wannan hanya take ga ɗan Katsina, domin a nan faɗi-tashin yake. Ya cika littattafan rubutu na 'yan makaranta da biro, ya kai wa mai buga rubutu a shago, wanda zai buga masa "kasa" a inda ya rubuta "ƙasa" domin na'urarsa ba ta da ƙugiya. Ya sayar da akuya ko ya ci bashin yayarsa, ya hau mota ya yi tafiyar kilomita kusan 170 zuwa Kano. A can mai maɗaba'a zai ce a raba labarin kashi uku, na ɗaya da na biyu da na uku, saboda siririn littafi ya fi saurin fita. A zaɓi hoton bango. In an buga, sai a kai wa ɗan kasuwa, shi kuma ba ya biya nan take. Zai karɓa ne a kan in an sayar a zo a karɓi kuɗi. Marubucin ya dawo Katsina da kwafi ashirin na rabawa dangi, ya shiga zirga-zirgar bin bashi, kuɗin mota na cin ribar. Sau da yawa kuɗin na ɗaya ba ya dawowa da wurin da za a buga na biyu, makaranta su yi ta tambaya har su gaji. A duk tsawon wannan tafiya, daga biro zuwa rumfar kasuwa, babu inda wani ya zauna ya karanta labarin domin ya ce wannan babi bai da amfani, ko wannan tauraruwa ta canja hali ba dalili.

Wanda ya tsallake wannan siraɗi kuwa, sai matsalar ta juye. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, wadda Allura Cikin Ruwa ya fito da ita a shekarun 1990, ta nuna cewa marubuciya daga jihar Katsina za ta iya jera littattafai ta riƙe makarantanta shekara da shekaru. Kasuwa ta warware matsalar yawa. Abin da ba ta warware ba shi ne girma: marubuta da dama sun rubuta littafin farko sau goma da sunaye daban-daban, saboda ɗan kasuwa abin da ya sayu jiya yake nema.

Abin sha'awa, muhawarar da ta fi zafi a kan wannan adabi 'yan jihar nan biyu ne a tsakiyarta. Ibrahim Malumfashi ya kira shi Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta shi da na Onica, ya kuma yi hasashen ba zai daɗe ba. Ibrahim Sheme, marubucin 'Yartsana, ya buɗe wa muhawarar fili a shafukan adabi na jaridun da ya yi wa aiki, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka shigo suna kare matasan. A ganina kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya. Masu karewa sun yi daidai da suka ce waɗannan littattafai sun koya wa mutane da yawa karatun Hausa fiye da yadda aji ya koya. Malumfashi ya yi daidai da ya ce babu tacewa. Inda aka yi asara shi ne, sukar ta zo ne bayan bugu, a jarida, gaban jama'a. Gyaran da aka yi wa Imam a cikin wasiƙa, su a bainar jama'a aka yi musu shi, kuma wanda aka kunyata ba ya jin gyara.

Zamanin waya

Yau sabuwar marubuciya a Ƙofar Ƙaura ko Sabuwar Unguwa ba ta bukatar zuwa Kano. Na ce marubuciya domin mata ne suka fi yawa a wannan fage. Tana rubutu a waya bayan ta sallami yara, ta saki shafi a zauren WhatsApp ko Wattpad ko Facebook, kafin ta yi barci sharhi ya fara shigowa. Tsarin da aka saba shi ne a saki shafukan ɗanɗano kyauta, in labari ya kama mutane sai a ce daga nan na kuɗi ne, mai so ya tura ta banki ko ya aiko katin waya a sa shi a zauren masu biya.

Daɗin wannan ba ƙarami ba ne. Babu bashin ɗan kasuwa, babu jiran shekara. Matar da ba ta fita ko'ina tana da makaranta a Maraɗi da Kumasi da Jidda. Amma faɗuwar ma saurinta ɗaya da tashin. Cikin masu biya mutum ɗaya ya isa ya kwafe littafin ya watsa a wasu zauruka, washegari abin da aka sayar ya zama na kowa. Shi ya sa za ka ga shafi ya buɗe da Allah ya isa ga duk wanda ya fitar. Ga tsadar data da rashin wutar caji. Manhajar OkadaBooks, wadda marubutan Hausa da yawa suka ajiye littattafansu a kanta suna samun ɗan abin sayen data, ta rufe a ƙarshen 2023.

Wanda ya fi duka a wurina shi ne abin da sharhin nan take ke yi wa labari. Makaranta sun zama editoci, alhali edita da makaranci ba abu ɗaya suke so ba. Makaranci yana so kishiya ta wulaƙanta yau, yana so a ƙara shafi, yana fushi in tauraron da yake ƙauna ya mutu. Marubuciyar da ta tsara labarinta zai ƙare a babi talatin sai ta kai shi tamanin, ko ta sauya ƙarshensa don kada zaure ya watse. Kuma tunda an riga an saki babi na biyar, ba ta da damar komawa ta gyara shi idan ta kai na ashirin ta gano kuskure. Sake rubutu, wanda shi ne rabin aikin marubuci, wannan tsari ya kashe shi. In zaure ya yi tsit kwana biyu kuma, sai ta ɗauka ba ta iya ba, alhali wataƙila a nan ne ta fara rubuta abin kirki.

Gasa ta dawo a wannan zamani ma. Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata, ta fito da sunaye da dama, farawa da Aisha Muhammad Sabitu da labarinta Sansani. Ta yi amfani ƙwarai, ko ba komai ta tilasta wa masu shafi tamanin su koyi faɗin magana cikin 'yan kalmomi ƙayyadaddu, ta kuma sa alƙalai sun karanta su. Amma tambayar 1933 da ta 1982 tana nan: bayan an sauka daga dandamalin karɓar kyauta, wa zai karɓi rubutu na gaba?

Abin da za a iya yi a Katsina

Maɗaba'u suna nan a garin nan, suna buga kalanda da katin biki da fastar 'yan siyasa, za su buga littafi in an biya. Abin da babu shi ne gidan ɗab'in da zai karɓi rubutu, ya ƙi wani, ya mayar da wani a gyara. Kafa irinsa na bukatar jari, ba kuma zan yi kamar yana hannunmu ba. Amma ɓangaren da ya fi muhimmanci a aikin East ba ya cin kuɗi sosai.

Muna da masana Hausa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da sauran manyan makarantun jihar. Ɗalibansu suna rubuta kundaye a kan jigo da salon littattafan da aka riga aka buga, wanda marubucin ba zai taɓa gani ba, in ma ya gani ba zai iya gyara komai ba. Da za a karkata kaɗan daga wannan ƙarfi zuwa rubutun da bai fita ba, a ce kowane zango sashe ya karɓi rubuce-rubuce goma daga marubutan gari, malami da ɗalibansa na digiri na biyu su karanta, su zauna da mai shi a asirce su bi shi babi-babi, da an samar da abin da Imam ya je Zariya nema. Ɗaliban ma za su fita da sana'ar edita, wadda ake nema a gidajen jarida da masana'antar fim.

Masu hannu da shuni da ke son sa gasa kuma, shawarata ita ce a raba kyautar biyu. Rabi a bayar ranar biki. Rabin a riƙe shi a matsayin alkawarin littafi na gaba: a haɗa wanda ya yi nasara da edita, a ba shi wata shida ko shekara, a biya shi kaɗan-kaɗan yana kawo babi, a kuma sa hannu tun farko cewa in ya kammala za a buga kwafi ɗari biyar a raba wa ɗakunan karatu na makarantun sakandaren jihar.